Inna da Shekarar Tauraruwa Mai Wutsiya

Na san abin da ake faɗa a kaina a Rusaifa, unguwarmu ta nan Makka, kuma na san ya iso kunnuwanku. Ana cewa wai Sulaimanu ya gaji da uwarsa, ya sa ta a jirgi ya tura ta Najeriya ta je ta mutu, alhali mutanen duniya suna sayar da gonakinsu don ajali ya riske su a Makka. Ke Safiya kin taɓa tambayata a fakaice, da Larabci, na yi kamar ban ji ba. Kai kuma Fahad ba ka tambaya ba, amma ina lura da yadda kake sunkuyar da kai duk lokacin da aka ambaci Sitti, kamar yadda kuke kiran kakarku. To yanzu da gwiwoyi suka zaunar da ni, zan faɗa muku yadda abin ya kasance. Da Hausa zan faɗa, wanda bai gane ba ya nemi mai fassara masa.

Dole in fara da kakana, mahaifin Inna. An haife shi a wani ƙauye a ƙasar Katsina da ake kira Tudun Kanya, su biyu, Hassan da Usaini, shi ne Usainin. Ba wanda ya rubuta ranar, amma shekarar ba ta ɓace wa kowa ba, domin a cikinta ne wata tauraruwa mai wutsiya ta fito, irin wadda tsofaffin lokacin ba su taɓa gani ba. Da asuba take bayyana ta gabas da wutsiyarta a shimfiɗe, har wasu suka ce sun gan ta da rana tsaka a gefen rana. Ga shi kuma ƙarnin Hijira yana ƙarewa, sai bakin malamai da na jama'a ya zo ɗaya cewa duniya ce za ta tashi. Mahaifin tagwayen ya ce in dai tashin duniya ne, gara ya same shi a hanyar Ɗakin Allah. Uwarsa tsohuwa ta ce shi ya tafi, amma ba za a kwashe mata jikoki duka biyu ba. Aka yi ta ja-in-ja har aka yaye yaran, sannan aka raba su: Hassan ya zauna wurin kaka, Usaini aka goya shi aka nufi gabas. Duniya ba ta tashi ba. A hanya Usaini ya yi wayo, a hanya ya yi gemu, suna tsayawa su yi noman damina su ƙara gaba. Sai da ya binne uwa da uba a ƙasar Sudan kafin ya tsallako teku shi kaɗai. Ya yi aure a nan Makka bayan ya manyanta, kuma cikin 'ya'yansa Inna ce kawai ta rayu. Bai taɓa karɓar takardar zama ba. Da aka yi kira a je a rubuta sunaye, cewa ya yi baƙon Allah ba ya neman izinin kowa. Wannan maganar tasa muka gada, ni da Inna, tare da ɗakin da ya kafa a kan dutsen Nakkasa a ƙarshen rayuwarsa, bayan an tashe su daga kusa da Harami.

Ni ne ɗan farin Inna, kuma bayan rasuwar mahaifina da ƙannena biyu ni kaɗai na rage mata. Ku da kuka taso cikin Larabawa, inda uwa ke sumbatar ɗanta a gaban mutane tana ce masa habibi, wato masoyina, ba lallai ku fahimci kunyar ɗan fari ba. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Kai wannan" take ce mini. Ba ta yabona, ba ta haɗa ido da ni, ba ta dariya a gabana sai ta rufe baki da gefen mayafi. Ban taɓa damuwa ba, na ɗauka haka Allah ya yi ta. Sana'ata kun san ta, tura arabiyya, kujerar nan mai taya da ake ɗora tsofaffi a yi ɗawafi da su, lokacin aikin Hajji kuma in koma Mina ina ɗaukar kaya ina nuna wa alhazai tantunansu. Na tura iyayen mutane da yawa, sun sa mini albarka da harsunan da ban sani ba. Da ƙafafun Inna suka daina ɗaukarta, ni nake goya ta in sauko da ita matakalan Nakkasa har bakin titi, in kai ta asibiti ko Harami, in sake goyo ta mu hau. Abin da kawai take cewa a bayana shi ne, "A hankali." Ya ishe ni. Wallahi ya ishe ni, har ranar da na ga ashe akwai wata Innar da ban sani ba.

A shekarar da aka zo aka shafa wa bangonmu jan fenti, aka rubuta izala, wato za a rushe, a shekarar na haɗu da Malam Lawal. Ba yaro ba ne, ya haura arba'in, har da furfura a gemu. Malamin makaranta ne a gida, ya zo ƙaro karatun Hadisi. A masallacin gindin dutse na gan shi wata Juma'a yana tambayar inda ake samun tuwon dawa da miyar kuka, wai shinkafa da kaza sun gundure shi. Mahaifiyarku Hauwa kuwa tana tuƙa tuwon sayarwa duk Juma'a. Ni da ƙafata na hau da shi. Ya zauna a ƙofar ɗaki yana ci, Inna tana kishingiɗe a tabarmarta tana kallonsa, domin ba ta barin baƙo ya wuce ba ta bincike shi ba.

"Malam, daga wace ƙasa?"

"Katsina, Hajiya."

"Birni ko ƙauye?"

"Ƙauye ne, ba za ki san shi ba. Tudun Kanya ake ce masa."

Inna ta yunƙura ta tashi zaune ba tare da kowa ya kama ta ba, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"A garin naku akwai gidan wani Hassan, wanda aka tafi da ɗan'uwansa gabas?"

Malam Lawal ya tsaya da loma a hannu.

"Hassan Marabi? Ai kakana ne, shi ya haifi babana. Marabi ake ce masa saboda an raba shi da Usaininsa. An ce shekarar tauraruwa mai wutsiya aka haife su."

Inna ta fashe da kuka. Ta miƙa hannu, ya matso, ta kama fuskarsa da tafukanta biyu tana shafawa, tana cewa ga goshin Baba, ga kunnuwan Baba. Ni ma na yi hawaye a ranar, kada ku ce ban yi murna ba. Mutumin da ya tashi ba dangin uwa ko ɗaya, rana guda a ce ga jininsa ya shigo neman tuwo, dole ya yi murna. Na rungume shi, ya ce mini Yaya, ya ce wa Inna Gwaggo. Sai dai ina tsaye ina kallon waɗannan tafukan a fuskarsa, na tuna rabon da su taɓa tawa fuskar tun ina ƙaramin yaro ina zazzaɓi.

Daga nan ya zama ɗan gida. Duk bayan la'asar in ba shi da darasi sai ya hawo, ya zauna a bakin tabarmarta. Wata rana ya ce ya binciko shekarar, ya ce ta Turawa dubu ɗaya da ɗari takwas da tamanin da biyu ce, kuma ba a ƙasar Hausa kaɗai aka ga tauraruwar ba, duk duniya ta gan ta. Ya ciro wayarsa ya nuna mata hoton da wasu masu duban taurari suka ɗauka a can kudancin Afirka. Inna ta riƙe wayar da hannu biyu kamar an ba ta jariri.

"Wannan ita ce? Ita Baba aka haifa a ƙarƙashinta?"

"Ita ce, Gwaggo."

"Ikon Allah. To me kuma aka yi a duniya a shekarar?"

Wannan tambayar ta buɗe musu hirar da ta ƙi ƙarewa. Ya karanta mata cewa a shekarar Ingilishi suka mamaye Masar. Ya ce a shekarar aka fara kunna wa wata unguwa wutar lantarki a Amurka, mutane suna fitowa kallon ƙwan fitila. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalinta shi ne waɗanda aka haifa. Ya riƙa karanta mata su ɗaya bayan ɗaya, wannan ya zama marubuci, wannan mai zane, wannan masanin lissafi, wancan ya shugabanci wata babbar ƙasa. Inna ta sa musu suna tsaran Baba, tana tambayar labarinsu kamar maƙwabta. Ya yi aure? Ya bar 'ya'ya? Ciwon me ya kashe shi? Da ya ce mata shi shugaban nan ƙafafunsa sun shanye, a kujera mai taya ya yi mulkinsa, sai ta tafa hannu ta ce ashe ciwon ƙafa bai san sarauta ba. Ta yi dariya, baki buɗe, ba mayafi, har na ga gurbin haƙoran da ban san ta rasa ba. Ina tsaye a ƙofa, na dawo daga Harami, rigata jiƙe da gumi, kafaɗuna suna zafi. Ba wanda ya ɗago.

"Lawalina, sake karanta min na Masar ɗin."

Lawalina. Sunan yana fita daga bakinta sumul, ba nauyi, a rana sau ba adadi. Lawalina ya ci abinci? Hauwa, a ajiye wa Lawalina ƙanzo. Tsokar da ta fi laushi a miya takan tsame ta da kanta ta sa a gefe ta rufe. Na san hujjar, ba sai an faɗa mini ba: shi ba ɗan fari ba ne, ba kunya tsakaninsu. Sanin hujja bai hana ƙirjina zafi ba. Na ce wa mahaifiyarku wannan malamin ba shi da karatun yi ne, kullum yana gidan mutane? Ta dube ni ta ƙyalƙyale da dariya.

"Abu Fahad, kishi kake yi? Da gemunka fari?"

Na ce wane irin kishi, na fita. Amma shi ne, kuma har yau ban ga abin kunya a ciki ba. Na sa masa ido ina neman aibinsa. Na ce ko wani abu yake hange, sai na duba na ga ba mu da abin hange, ɗakin ma an shafa masa jan fenti. Na ce ko girman kai gare shi irin na masu karatu, sai ga shi yana rigana ɗaukar jarkar ruwa daga gindin dutse, yana durƙusawa ya gaishe ni. Da mugu ne da na huta. Babu abin da ya fi ciwo kamar ka ji haushin mutumin kirki.

Fahad, ko ka tuna ranar da na kira ka na ce ka duba mini wannan shekarar a wayarka? Ka yi mamaki, ka karanta mini da Larabci, na zaɓi guda ɗaya na haddace. Na jira ranar da Malam Lawal bai zo ba, na shiga na zauna a bakin tabarma, daidai inda yake zama. Inna ta dube ni ta kau da kai, don ba mu saba zama haka ba.

"Inna, kin san a shekarar Baba wani likita ya gano ƙwayar da ke kawo tarin fuka?"

"Lawalina ya faɗa min. Bajamushe ne."

Na gyara zama. Can ta ce, "Kai wannan, yau ba ka fita aiki ba ne?" Na tashi na ɗauki takalmana.

Abin da ya fi sukata ya zo daga baya. Na shigo wata rana na tarar tana ba shi labarin rasuwar mahaifinta, labarin da na sha ji tun ina yaro, amma da wani ƙarshe da ban taɓa ji ba. Wai da ciwo ya tsananta, Usaini ya kama hannunta ya ce bai san fuskar Hassan ba, bai san ko yana raye ba, amma in Allah ya sa ta taka Tudun Kanya, ta gaishe masa da shi, ko a raye ko a kabari. Ta riƙe wannan saƙon a cikinta tun tana matashiya. Ta haife ni, ta raine ni, na goya ta a bayana, ba ta taɓa faɗa mini ba. Baƙon da ya zo cin tuwo ta faɗa wa. Da ya tafi na kasa haƙuri.

"Inna, ni ban isa in ji wannan maganar ba ne?"

"In na faɗa maka ka yi yaya? Kai da ba ka san hanya ba, ba ka da takardar fita. In ɗora maka kayan da ba za ka iya saukewa ba?"

Gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ta fi ƙarya zafi.

Ana cikin haka abubuwa biyu suka haɗu. Motocin rusau suka fara cin gindin dutsen, ƙararsu tana hana mu jin kiran salla, mijin Safiya ya samo mana ɗakuna a bene a Rusaifa. Sannan hukuma ta ba da sarari cewa duk wanda ba shi da takardar zama zai iya fita ƙasar ba tare da an hukunta shi ba. Malam Lawal kuma karatunsa ya zo ƙarshe. Da hantsi Inna ta sa aka kira ni, ta sa Hauwa ta fita ta ja ƙofa.

"Kai wannan, zan bi Lawali gida."

"Wane gida, Inna? Nan aka haife ki."

"Nan ɗin ga shi ana fasawa."

"Ai ga Rusaifa. Kuma Inna, in kin fita ba dawowa. Ni ba zan iya binki ba, in na fita na rabu da Hauwa da yara ke nan. Mutane suna kuka su zo su mutu a nan, ke ki ce za ki tafi?"

"Na yi ɗawafin da Allah ya rubuta min, da ƙafata da kuma a kujerarka. Saƙon Baba ne ban kai ba."

Na tashi na fita. Na tari Malam Lawal a matakala yana hawowa, na tsare shi a rana. Na ce masa ya shigo gidana da sunan tuwo zai fita da uwata. Na ce shekarun da na yi ina ɗawainiya da ita yana ina, shi da danginsa na Tudun Kanya? Ya tsaya ya saurare ni har na gama, kansa a ƙasa.

"Yaya, wallahi ban taɓa ce mata ta zo ba. Ita ta tayar da maganar, na ce sai da izininka. In ka ce a'a, magana ta mutu. In ka ce e, ɗakin mahaifiyata yana nan a share, kuma matata za ta riƙe ta kamar yadda Anti Hauwa ta riƙe ta."

Kun ga irinta. Ko faɗan ma bai bar ni na yi ba, ya tattara komai ya ɗora a wuyana.

Na ce a'a. Ku riƙe wannan da kyau, ku faɗa wa masu magana: da farko a'a na ce. Na goyo ta na sauko da ita daga Nakkasa saukowar ƙarshe, muka koma Rusaifa. Ɗakinta yana da sanyi, yana da tsafta, tagarsa tana kallon bangon maƙwabta. Inna ba ta yi mini musu ba, ba ta yi fushi ba, ba ta sake tayar da maganar ba. Sai dai ta daina tambayar tsaran Baba. In Malam Lawal ya zo ya ciro waya sai ta ce ya bari, idonta na ciwo. Abinci ta riƙa taɓawa tana turewa. A raina na ce to, yanzu ni da shi mun zama ɗaya, ba mai samun dariya. Na zaci zan ji daɗi. Ban ji ba.

Wata rana na dawo da wuri, bayan azahar, gidan shiru, Hauwa ta fita. Na ji murya a ɗakin Inna, na zaci baƙo ta yi. Na matsa bakin ƙofa. Ita kaɗai ce, tana zaune a bakin gado, ta gyara mayafinta kamar mai shiga gidan surukai, tana fuskantar bango.

"Salamu alaikum, Baffa Hassan. Ni ce Mairo, 'yar Usaini. Ya ce in gaishe ka."

Ta girgiza kai, kamar ba ta gamsu ba. Ta sake.

"Baffa Hassan, Usaininka ne ya aiko ni. Ya isa Makka lafiya. Ya ce in gaishe ka."

Na daɗe a tsaye a wurin. Sannan na yi gyaran murya na shiga, na ce mata ta shirya, gobe zan kai ta Jidda a fara neman takarda. Ba ta ce ta gode ba. Ta ce a kira mata Lawalinta a faɗa masa.

Ni na yi zirga-zirgar. Ni na tura ta a layin ofishin jakadanci, ni na riƙe yatsunta aka dangwala. Ni na kai ta ɗawafin bankwana, ban bari kowa ya taɓa kujerar ba. A filin jirgi na tura ta har inda aka ce marasa tafiya su tsaya, Malam Lawal ya karɓi hannun kujerar daga hannuna. Na durƙusa a gabanta. Na yi tsammanin wani abu, ba zan ɓoye muku ba. Ta dubi gefen kafaɗata ta ce, "Kai wannan, ka rage hawan matakala, na ji gwiwarka tana ƙara." Ta sa mini albarka, ta sa muku, ya juya kujerar. Ina kallonsu ya sunkuya ya ce mata wani abu, ta ɗaga kai tana amsawa.

Damina guda ta yi a Tudun Kanya. Ina kiran wayar Malam Lawal duk Juma'a, kuma ban taɓa samun ta ita kaɗai ba. Kullum akwai hayaniyar mata a bayanta, da kukan awaki, da yara masu ce mata Hajiyar Makka. Muryarta ta ƙara ƙarfi. Ta ce mini ta ga gero a tsaye a gona, ashe ya fi mutum tsawo. Ta ce ruwan sama a can kwana yake yana zuba ba wanda ke gudu. Ta ce an kai ta tsohuwar maƙabarta a amalanke, babu alama a kan kaburburan, amma wani tsoho ya nuna mata gefen da aka sa Hassan, ta sauka ta zauna a ƙasa ta isar da saƙo. Na ce Alhamdu lillahi. Kafin in ƙara wata magana ta ce ga Lawali, ana kiranta, an kawo amarya gaisuwa. Na zauna da waya a hannu a ɗakinta na Rusaifa. Mutanen da ba su taɓa ɗaukar mata ko butar alwala ba su ne suka samu Innar mai dariya, mai ba da labari, mai tsokanar jikoki. Ni na samu mai cewa a hankali. Na yi mata murna, kuma na ji haushinsu duka, garin gaba ɗaya, har awakin.

Bayan an girbe gero ta kwanta, ciwon bai daɗe ba. Da safe wayar ta shigo, ina shirin fita Harami. Da na ga sunansa a ranar da ba Juma'a ba na zauna tun kafin in ɗauka. Ya yi mini ta'aziyya, na yi masa. Ya ce ta cika da kalmar shahada, matarsa tana riƙe da ita. Ya ce ba za a jira ba, za a yi sutura kafin azahar, kuma duk garin ya fito. Na ce ya kira ni in an gama.

Masu cewa na tura ta ta mutu a daji, ku ce musu ita ta nema, na hana, na ga hanin yana cinye ta, na sake ta. Ku ce musu falalar mutuwa a Makka ba su fi ni saninta ba, ni da na sha bin gawa daga Harami zuwa maƙabarta. Allah da ya halicci Makka shi ya halicci Tudun Kanya, kuma shi ya san inda ya ajiye ƙasar kowa. Malam Lawal kuma kada in ji ɗayanku ya zage shi. Ya cika duk abin da ya ɗauka, har da ƙari. Duk sallar idi yana kirana, ina amsawa, muna gaisawa da mutunci. Baffanku ne, in ya zo Umara ku sauke shi. Abin da ke tsakanina da shi nawa ne ni kaɗai.

Ya kira bayan azahar ɗinsu, muryarsa a dishe. Ya ce an sa ta a gefen da Hassan yake. Na tambaye shi wa ya shiga kabarin.

"Ni ne, Yaya. Ni na karɓe ta, na kwantar da ita a gefen dama." Sannan ya ƙara, don ya sanyaya mini rai. "Ka san mu nan alƙiblarmu gabas ce. Da na juya fuskarta, wajenku na juya ta. Ku take kallo."

Na ce masa na gode, Allah ya saka da alheri, kuma har zuciyata na faɗa. Na kashe wayar na ajiye. Na daɗe ina kallon hannuwana a kan cinyata, ba su da ƙasa ko kaɗan.